Amsa ga Alhajin da ya zo Katsina ya ji kansa baƙo

Assalamu alaikum, Alhaji. Allah ya sanya albarka a ritayar da ka yi. Ka ce ka bar Katsina tun kana saurayi, kafin a ƙirƙiro jiha, aiki ya riƙe ka a Legas da Fatakwal har ka yi furfura, kuma da ka zo Sallar da ta wuce ka kasa gane hanyar gidanku daga Ƙofar Ƙaura, yaran unguwarku suka riƙa kallonka kamar wanda ya yi ɓatan kai. Tambayarka ita ce ko ka tattaro iyali ka dawo, ko kuwa ka ci gaba da zama inda aka san ka. Ni ma na daɗe a Jos da Kaduna ina aikin gwamnati kafin in dawo gida, don haka abin da zan faɗa maka daga abin da na gani ne. Shawarata ita ce ka dawo, amma ka dawo da niyyar sake neman gurbinka a cikin mutane, domin ba wanda ya ajiye maka shi, kuma kada ka yi gaggawar sayen fili ko aza tubali.

Ɓatan hanyar da ka yi ba mantuwa ba ce, garin ne ya tashi daga inda ka bar shi. Lokacin da ka tafi, Katsina babban gari ne a cikin tsohuwar Jihar Kaduna, mafi yawan jama'a suna cikin ganuwa, in ban da unguwar Turawa da 'yan gidajen da ke bakin ƙofofi. A ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ba mu jiha, Katsina ta zama hedikwata, sai ma'aikata suka kwararo daga Funtuwa da Malumfashi da Daura da Dutsinma, kowa yana neman wurin zama. A ƙidayar 2006 an samu sama da mutum dubu 300 a ƙaramar hukumar Katsina kaɗai, kuma wannan adadi bai haɗa da unguwannin da suka tsallaka cikin Ɓatagarawa ba. Bayan haka ga makarantu: Jami'ar Alƙalam ta buɗe a 2005, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa jami'ar jiha a 2006 a kan hanyar Dutsinma, wadda daga baya aka sa mata sunansa. Kowace makaranta ta jawo malamai da ɗalibai da masu shaguna da masu gina ɗakunan haya. Gonakin da kuke zuwa roron gyaɗa a hanyar Kano sun zama gidaje har Ɗandagoro, haka nan hanyar Kaita har Shinkafi. Ita kanta Ƙofar Ƙaura da ta rikita ka, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari ne aka haƙa mata hanyar ƙarƙashin ƙasa, ita da Ƙofar Ƙwaya, don haka duk alamun da idonka ya saba da su a wurin an kawar da su.

Akwai wani cikar garin da ba ci gaba ne ya kawo shi ba, kuma ina roƙonka ka fahimce shi kafin ka yi magana a kansa a bainar jama'a. Ta'addancin 'yan bindiga ya tashi ƙauyuka da dama a yankunan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, har ta kai a 2021 an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi na tsawon watanni. Mutanen da suka tsira da rayukansu birni suka nufo, wasu suka raɓa da dangi, wasu suka shiga kangaye suka rataya buhuna a tagogi. Matan da za ka gani da yara a ƙofar masallaci suna neman taimako, da yawansu masu rumbu ne da garke a garuruwansu. Rufe iyaka da aka yi a 2019 shi ma ya karya 'yan kasuwa masu yawa da ke cin abinci tsakanin Jibiya da Maraɗi, yaransu suka koma tuƙa Keke Napep da acaɓa a cikin gari. Na sha jin masu dawowa irinmu suna cewa baƙi sun cika gari sun ɓata shi, kuma maganar tana ƙona mini rai, domin waɗannan 'yan'uwanmu ne da masifa ta koro, mu kuwa da ƙafarmu muka tafi neman abinci a garin wasu, aka kuma karɓe mu.

Amma na san ba tituna ne suka hana ka barci ba, gidanku ne. Namu yana cikin gari, kuma abin da na tarar da wuya ya bambanta da naku. An raba gado bayan rasuwar iyaye, babban tsakar gidan da matan gida ke daka da sussuka an ja masa katangu ya zama sassa, kowane da ƙofarsa ta ƙarfe. Zauren da kakanmu ke zama a kan buzu yana ba da karatu bayan asuba an fasa masa ƙofa ta titi, wani yaro yana cajin waya da cirar kuɗi a ciki, amma idan ka ɗaga kai azarar nan tana nan da baƙin hayaƙin fitilar aci-balbal a jikinta. Rijiyar gida an rufe ta da siminti, ruwa sai na 'yan ga-ruwa masu tura kura. Kududdufin bayan gida, inda ake ɗibar ƙasar gini kuma ruwan unguwa ke taruwa da damina, an cike shi da shara an yi gidaje a kai, shi ya sa yanzu in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya rasa wurin zuwa ya shiga ɗakunan mutane. Ganuwa kuwa an cinye mafi yawanta da gine-gine, sai ɗan tudu nan da can. Wannan duka asara ce ta gaske, ba zan ce maka ba komai ba ne, kuma wasu daga cikin abubuwan nan sakacinmu ne ya jawo su, ba dole ba.

Mutane za su ce maka ka je ka ga Hasumiyar Gobarau tana nan, Gidan Korau, wato fadar sarki, yana nan, ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yana nan an mai da shi gidan tarihi, kuma ana hawan Sallah a Kangiwa kamar yadda ka sani tun zamanin Sarki Usman Nagogo. Gaskiya ne, ka je ka kai jikokinka. Sai dai waɗannan ba za su cire maka baƙunta ba, domin ɗan yawon buɗe ido ma yana ganinsu. Abin da ya cire mini ita shi ne wani dattijo a masallacin unguwarmu, wanda ya daɗe yana kallona bayan sallar la'asar, sannan ya matso ya ce, "Malam, kai ɗan wane gida ne?" Da na ambaci sunan mahaifina bai gane ba, da na ambaci na kakana sai ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya lissafo mini 'yan'uwan kakana ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini dakalin da suke zama, sannan ya juya ya gabatar da ni ga liman da sunan gidanmu. Bai tambayi muƙamin da na riƙe ba, kuma har yau bai tambaya ba. Wannan hanyar sanin mutum ta gidansu tana nan da ranta a cikin birni, amma masu riƙe da ita tsofaffi ne kuma kullum raguwa suke yi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa idan za ka dawo, kada ka ƙara jinkiri, domin nan da 'yan shekaru ba za ka sami wanda zai shaide ka ba.

Daga nan sai aikin ƙafa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma a Katsina ana lissafinsa da gaske. Ana lura da wanda ya zo jana'iza, wanda ya bi gawa har maƙabartar Ɗanmarina ko ta bayan gari, wanda ya zauna a tabarmar ta'aziyya ba tsayawa ya yi ya yi addu'a ya shiga mota ba, wanda ya je dubiya asibiti, wanda aka gani a ɗaurin aure da suna. Shekarun da muka yi muna aiko da kuɗi da gaisuwa ta waya ba a manta da su ba, amma ba su zama madadin zuwa ba. Ka tuna waɗanda suka zauna su ne suka yi jinyar iyayenmu, su suka kwana a asibiti, su suka sa su a kabari, mu sai dai muka iso bayan an share makoki. Suna da haƙƙi a kanmu, kuma idan ka ga ɗan sanyi-sanyi a fuskar ƙaninka ko ɗan baffanka a farkon zuwa, daga nan yake. Ba da kyauta ake gyara shi ba, da yawan zama ne. Ka nemi majalisa ɗaya ta sa'anninka, ka lazimce ta bayan la'asar, ka fi saurare fiye da magana. Ka kiyaye harshenka daga cewa a Legas ba haka ake yi ba, ko da kana da gaskiya, domin ba abin da ya fi saurin nesanta mai dawowa da mutane kamar wannan kalma. Idan an saba da kai, su da kansu za su nemi shawararka a kan gyaran magudanar ruwa ko makarantar Islamiyyar unguwa, kuma a lokacin za a ji ta.

Za a zo maka da buƙatu, wannan ba makawa. Duk wanda ya dawo daga kudu ana ɗaukarsa mai hali ne, kuma talauci ya yi yawa. Ka yanke wa kanka abin da fanshonka zai iya ɗauka a wata, ka fifita marayu da marasa lafiya na cikin dangi, sauran kuma ka ba su haƙuri a fili cikin mutunci. Mutanenmu suna karɓar "babu" idan an faɗe ta da fuska a sake, abin da ba sa yafewa shi ne a yi musu alƙawari a riƙa ɓuya.

Game da wurin zama, ka kama haya tukuna, ka zauna har ka ga bazara ka ga damina. Da bazara za ka san unguwar da ruwa ke wahala, domin ruwan famfo na madatsar Ajiwa bai taɓa wadatar da garin da ya yi wannan girma ba, mafi yawan sababbin unguwanni da burtsatse suke rayuwa, kuma ba ko'ina ake haƙa a samu ba. Da damina za ka san layin da ke zama tafki, wanda dillali ba zai faɗa maka ba a watan Maris. Filayen bayan gari da yawa gonaki ne aka yanka ba tare da tsarin hukuma ba, ba a bar wurin makaranta ko kwata ba, wani lokaci ma a sayar wa mutum biyu fili ɗaya, ko magada su taso daga baya. Kada ka biya sai ka ga takarda, ka tabbatar da ita a ma'aikatar filaye, ka zauna da mai unguwa da maƙwabtan filin, kuma ka taka wurin da ƙafarka. Ka yi tambaya a kan tsaro kafin ka yi nisa ta wajen hanyar Batsari ko ta Jibiya. Ni na zaɓi unguwar da ba ta da nisa da cikin gari, ko da filin ya fi ƙanƙanta, saboda in iya kai wa jana'izar unguwarmu cikin 'yan mintuna. Waɗanda suka yi manyan gidaje can nesa na ga da yawansu suna zaune a Katsina amma zaman bai bambanta da na Legas ba, daga gida sai mota.

Sai maganar iyali, wadda ka ambata a taƙaice amma ita ce mafi nauyi. Katsina garin yarintarka ne kai, su 'ya'yanka garin yarintarsu Fatakwal ne, kuma abin da kake ji yau shi za su ji idan ka tumɓuke su gaba ɗaya. Waɗanda suka girma suka kama aiki ka bar su inda suke, ka sa su riƙa zuwa Sallah da hutu, ka zaga da su gidajen dangi ana faɗa musu wane ne wane. Ƙanana za su saje da wuri ta hanyar makaranta, ko da za a yi musu dariyar Hausarsu na ɗan lokaci. Hajiya kuma ka yi shawara da ita tun kafin ka yanke, domin kai kana da masallaci da majalisa, ita kuwa za ta bar ƙawayenta da sana'arta ta zo ta zauna cikin danginka, waɗanda wataƙila sau kaɗan ta taɓa gani. Ka bar ta ta zo ta yi wata ɗaya ko biyu ta ga gari da idonta, ta kuma sa baki a zaɓen unguwa.

Idan kana da kaso a gidan gado, kada ka sayar wa bare ko da ba za ka zauna ciki ba. Ka gyara ɗaki ɗaya, ka sa tabarma da buta, ka riƙa wuni a can ranar Juma'a, domin a nan ne tsofaffin unguwa da 'ya'yan 'yan'uwanka za su riƙa samunka ba tare da sun biya kuɗin Napep ba. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya kawo ku gida lafiya.