Hoton ciki da kumburin fankiriyas: wanne ya kamata a fara yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana ya tashi cikin dare da ciwo a ƙahon zuciya wanda yake ratsawa har gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa. Mun ɗauka olsa ce, sai gwajin jini a babban asibitin yankinmu ya nuna fankiriyas ɗinsa ce ta kumbura. An yi sikanin, ba a ga komai ba, kuma an ce a sake. Danginsa kuwa sun ce a sayar da tumaki a tafi Kano a yi hoton CT. Shi dai bai taɓa shan giya ba. Ina mafita?
Wata 'yar'uwa daga wani ƙauye kusa da Ringim

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba maigida lafiya. Kada a yi gaggawar kai tumakin kasuwa tukuna.

Fankiriyas tana kwance ne a bayan tumbi, ita ke fitar da ruwan narka abinci da sinadarin insulin. Idan ciwon ya zo yadda kika bayyana, sannan sinadarin lifes, wanda fankiriyas ke fitarwa, ya kai ninki 3 na iyakarsa a jinin mai lafiya, likita ya riga ya san cutar. Abin da ake nema da hoto yanzu shi ne musabbabinta, kuma wanda ya fi yawa shi ne tsakuwar matsarmama. Bututun matsarmama da na fankiriyas suna haɗuwa a ƙofa ɗaya kafin su zuba cikin hanji, saboda haka tsakuwar da ba ta wuce ƙwayar dawa ba tana iya toshe ƙofar, ruwan narka abincin ya koma yana cin naman da ya samar da shi.

Sikanin ɗin nan mai araha ya fi CT gano tsakuwa a cikin matsarmama. Matsalarsa ita ce, a kwanakin farko hanji kan cika da iska, iska kuwa tana kare hoton kamar yadda hazo ke ɓoye gari, shi ya sa rashin ganin komai a karon farko ba ya wanke matsarmama. Shawarar a sake daidai take, kuma ya fi kyau a yi bayan ya shafe kimanin awa 6 bai ci komai ba.

CT yana da ranarsa. Amfaninsa shi ne nuna ko wani sashe na fankiriyas ya mutu ko ruwa ya taru a gefenta, abin da ba ya fitowa sosai sai bayan awa 72 zuwa 96 da fara ciwon. Wanda ya yi shi a ranar farko sau da yawa kuɗinsa kawai ya kashe. Ga shi kuma ruwan da ake ɗurawa ta jijiya don hoton CT ya fito sosai yana iya wahalar da ƙodar mutumin da amai ya ƙarar masa da ruwan jiki. Idan zazzaɓi ya taso, ko ciwon ya ƙi lafawa duk da ƙarin ruwa, to tafiya Kano ta kama. Idan kuma idanunsa suka yi rawaya irin na shawara, hoton MRI na bututun matsarmama ne zai nuna ko tsakuwa ta maƙale.

Ki roƙi a auna kitse da sinadarin kalsiyam a jininsa, ki kuma kai wa likita duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, domin waɗannan ma suna iya zama musabbabin cutar. In aka samu tsakuwa, a cire matsarmamar da wuri, domin barinta kan sa ciwon ya dawo.