Kafin ka rage wa mayaƙin ƙarfi

Yarona, na ji tambayarka. Ka ce a wasan tebur da kake haɗawa, inda jarumai huɗu ke kutsawa kogon ƙarƙashin ƙasa suna artabu da dodanni, mayaƙi ne ke kashe kusan komai, mai sihiri kuwa yana raɓe a baya har a tashi. Kana so ka san ko ka rage wa mayaƙin ƙarfi. Kada ka taɓa shi tukuna.

Ranar da kuka gwada wasan ina gefe ina kallo. Sau biyar a jere layi yana zuwa kan wanda ya riƙe mai sihiri, ba abin da ya yi sai ya matsar da ɗan gunkinsa taku biyu ya ce a wuce. A na shida ya ciro waya ya kama latsawa. Raina ya sosu, domin mutum ya ba ka lokacinsa, wasanka kuma bai ba shi aikin yi ba. Ko ka mai da mayaƙin rago, shi dai wannan bawan Allah zaman kallo zai ci gaba da yi.

Dubi HeroQuest, wani wasan tebur irin naka wanda ya fito a 1989. Mayaƙinsa yana da makin rai 8, yana kai hari da dayis 3. Mai sihiri makinsa 4 ne, dayis ɗinsa ɗaya tak. Kowane dayis fuska shida gare shi, uku suna ɗauke da ƙoƙon kai, wato sara ya shiga. Ka lissafa: mayaƙi sau ɗaya cikin takwas ne zai jefa ya tashi babu ko ƙoƙo guda, mai sihiri kuwa sau ɗaya cikin biyu. Tazarar da yawa. Amma sun ba mai sihirin katin tsafi 9, kowanne sau ɗaya ake amfani da shi a tafiya. Saboda haka duk lokacin da layi ya zo kansa yana da abin aunawa a zuci: in sake shi yanzu, ko in adana wa babban dodon da ke gaba? Wannan shawarar ce ke riƙe mutum a kan kujera, ita ce kuma babu a naka.

Sai ka duba taswirarka. Duk lunguna ne masu faɗin gida ɗaya, mayaƙi ya tsaya bakin ƙofa ya toshe, na bayansa ba sa ma hango dodon. Buɗe ɗaki ɗaya ya yi faɗi, ka sa maharba a can nesa, ka kawo dodon da takobi ba ya cin sa sosai. Nan take za a fara neman mai sihiri.

Akwai kuma dokar ganima da ka sa, cewa wanda ya kashe shi ke ɗauka. Mayaƙi ya kashe, ya sayi sulke, ya ƙara kashewa. Kafin tafiya ta uku ya yi wa sauran fintinkau. A raba ganimar daidai.

In bayan wannan har yanzu yana rinjaye, to ka taɓa lamba, amma ɗaya kawai a kowane gwaji, ka rubuta abin da ka canza. Ka yi hattara da katin da ke ba jarumi hari biyu a layi ɗaya, domin ninka shi yake yi, ya fi ƙarin dayis guda haɗari nesa ba kusa ba.

Gobe ka sa su yi musayar jarumai, wataƙila ma gwanin cikinsu ne ya riƙe mayaƙin tun farko. Kai kada ka buga. Zauna da takarda, ka ja layi duk sa'ad da wani ya ce a wuce bai yi komai ba, ka kawo mini in gani.