Mastar kan halayyar ɗan adam da aikin kotu, ta ina za a fara?

Ƙanwata, kin ce kin gama lisans ɗin sikoloji kina son mastar da ta haɗa lafiyar ƙwaƙwalwa da shari'a, kuma ba ki son barin Damagaram. To aikin dai shi ne alƙali ya sa ki binciki wanda ake tuhuma, shin da hankalinshi lokacin da ya yi laifin, ko ki saurari yarinyar da aka ci zarafinta ki rubuta rahoto, kuma rahoton nan yana iya juya rayuwar mutum gaba ɗaya, don haka abin akwai nauyi wallahi.

Inda mutane ke kuskure, suna ɗauka za su zama likitan ƙwaƙwalwa. A'a, mai rubuta magani sai wanda ya karanta likitanci. Na biyu, kwas ɗin intanet mai arha, kafin ki biya ko dala ki duba ko CAMES, hukumar da ke tantance digirin jami'o'i a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta amince da digirin.

Mastar shekara 2 ce. In Faransa kike hari, sai da sitaj na awa 500 ake kiran mutum masanin sikoloji. Bursu kuwa ki tambayi ANAB, hukumar ba da bursu ta Nijar. Ni shawarata ki je sashen sikoloji na jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, malaman can su duba takardunki tukuna.