Amsa ga Kawu kan hoton nan na Sheffield

Kawu, barka da war haka. Na ga saƙonka, ka ce ka ga jikarka tana ajiye fure gaban wani dutse, ko mun fara bin kaburburan Nasara ne. Allah ya huci zuciyarka, ba kabari ba ne, babu gawa a wurin.

Lambun shan iska ne a nan birnin Sheffield na Ingila, Endcliffe Park. Ranar 22 ga Fabrairun 1944, lokacin yaƙin Hitila, wani jirgin Amurka mai jefa bam, samfurin B-17 da ake yi wa laƙabi da Mi Amigo, ya dawo daga Danmak bayan ya sha ruwan wuta, ya faɗo cikin bishiyoyin lambun. Su goma ne a ciki, ba wanda ya fita. Mutanen garin sun haƙiƙance cewa matuƙin, Laftanar John Kriegshauser, da gangan ya kauce wa yaran da ke wasa a fili. A 1969 aka kafa dutsen da sunayensu, ga kuma bishiyoyi goma, kowa da tasa.

Duk shekara a Fabrairu ake taruwa, sanyi kamar ya cire wa mutum kunne. Mu yadda muke yi: a tsaya a yi shiru da su, a ajiye fure, idan suka wuce coci don addu'arsu mu juya gida. Wasunmu ko lambun ba sa zuwa ranar, kuma ba mai ce musu kanzil. Ni dai ina ganin maƙwabcin da ya tako har ƙofarmu ta'aziyyar Inna, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, bai kamata in ƙi tsaya masa minti biyu ba.

Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Muna komowa yarinyar ta ce, ina dutsen Kaka da ya je yaƙin Boma? Na yi mata bayanin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, yadda aka kwashi namu zuwa dazukan Boma, amma a wacce yake, na kasa faɗa. Don Allah Kawu, a duba tsohuwar adakar nan ta ɗakin Hajiya, ko takardar sallamarsa daga soja tana nan. Lambarsa nake so.