Sayen gida a Ingila ba ya ba ka takardar zama: amsa ga ɗan yayata

Ɗana, na karanta saƙonka, kuma muryar da mahaifinka Alhaji ya turo na saurare ta har sau biyu. Abin da na fahimta shi ne ka samu gurbin digiri na biyu a nan Manchester, shi kuma Alhaji yana son ya sayar da filayensa biyu, ya haɗa da wani abu a kai, ya saya maka ɗaki a bene. A cewarsa kuɗin haya asara ne, kuma wani dillali ya tabbatar masa cewa mai gida a Ingila ba a korarsa.

Dillalin nan la'adarsa yake nema. Gaskiya ne baƙo na iya sayen gida a ƙasar nan ko da bai taɓa taka ta ba, babu dokar da ta hana. Amma gidan ba ya ƙara maka ko kwana ɗaya a kan bizarka. Ranar da wa'adinta ya cika, kai da wanda ke kwana a ɗakin haya jirgi ɗaya za ku hau. Na san inda zancen ya samo asali. A Dubai, wanda ya sayi gida na dirhami miliyan 2 yana iya samun bizar shekara 10, Turkiyya kuma tana ba da shaidar zama ɗan ƙasa ga wanda ya sayi gida na dala 400,000. Sai mutanenmu suka ɗauka ko'ina haka ne. Fotugal ta rufe wannan ƙofa a 2023, Sifen ta bi sahu a 2025. Ita Birtaniya bizar masu zuba jari da take da ita ta soke ta tun Fabrairun 2022, kuma ko lokacin da tana nan ba a lissafa sayen gida a cikinta. Abin da ke gabanka bayan karatu shi ne bizar shekara biyu ta neman aiki, wadda ita ma an sanar za a rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027.

To a ce ma ba don takarda ba, don kasuwanci ne. Zo mu yi lissafi irin na 'yan Kwari.

Duk wanda ya sayi gida a Ingila akwai harajin saye da zai biya gwamnati. Ɗauki gida na fam 200,000. Mazaunin ƙasa wanda ba shi da wani gida, harajin fam 1,500 zai biya. Idan mai sayen bai yi kwana 183 a Birtaniya cikin shekarar da ta gabaci cinikin ba, ana ƙara masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin gidan gaba ɗaya, tun Afrilun 2021 ake haka. Fam 4,000 ke nan. Sannan idan yana da wani gidan zama da darajarsa ta kai fam 40,000, ko a ina yake a duniya, sai a ƙara kashi 5, wato fam 10,000. Ka lura da "ko a ina". Gidan da Alhaji ke zaune a ciki a Kano yana cikin lissafi. Idan da sunansa aka saya, fam 15,500 sun tafi tun ba a biya lauya ba, ba a sayi ko katifa ba.

Za ka ce to a sa sunanka. Harajin zai ragu sosai, ban musa ba. Amma akwai rangwamen da ake yi wa mai sayen gida karo na farko, sau ɗaya ake cinsa a rayuwa, kuma za ka ƙone naka a kan ɗakin da wataƙila shekara ɗaya za ka kwana a ciki. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Kyauta ce Alhaji ya yi maka ko amana ya ba ka? Ku goma sha ɗaya ne a gidanku. Hukumar rajistar filaye ta nan sunan da ke takarda ta sani. Idan kuma da sunan Alhaji ne, rai ya yi halinsa ba tare da an rubuta wasiyya yadda dokar nan ta tanada ba, ba rabon da ka karanta a Risala za a bi ba. Wannan maganar a yi ta a falon Alhaji, iyayenku mata suna zaune, kafin a tura ko sisi.

Yanzu ga abin da dillalai ba sa son a tambaya. Yawancin ɗakunan bene a Ingila ba ƙasar kake saya ba, shekaru kake saya. Ka san takardar mallakar fili da gwamna ke sa wa hannu a gida, mai wa'adin shekara 99? Kusan haka ne, sai dai a nan mai ƙasar sau da yawa wani kamfani ne da ke neman riba a kanka. Ɗakin da ya rage masa shekara 120 daban, wanda ya rage masa 75 daban, ko da a bene ɗaya suke. Da wa'adin ya sauko ƙasa da 80 bankuna ke fara noƙewa, masu saye su ja baya, sabuntawa kuma ta yi tsada. Ga kuɗin hidimar gini da ake biya duk shekara: shara, fitilar matakala, na'urar hawa bene, inshora, gyaran rufi. Ba kai ke yanke shi ba, takarda kawai za ka gani. Kana ciki ka biya, ka koma Kano ka kulle ɗakin ka biya. Bayan gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, an gano benaye da yawa da aka lulluɓe da kayan da ke saurin kama wuta, masu ɗakuna a ciki suka shekara da shekaru ba su iya sayarwa ba. Shi ya sa idan na ga ɗaki mai araha a tsakiyar gari gabana ke faɗuwa. Waɗanda ake tallarsu tun ba a gina ba, a nuna maka zanen kwamfuta da alƙawarin ribar haya duk shekara, su kam ko kallonsu kada ka yi.

Ni sai da na shekara tara ina haya kafin na sayi nawa, ɗan ƙaramin gida irin masu jere da bango ɗaya da maƙwabta. Abin da ya kusa wargaza cinikin ba tsada ba ne. Lauyar da ke min aikin ta karɓi takardun asusuna na wata shida, ta zauna da alƙalami mai launi tana shafa wa duk kuɗin da ya shigo. Ta tsaya a kan fam 6,000, ta ce wannan daga ina? Na ce kwasar adashi ce. Na fi rabin sa'a ina yi wa Baturiya bayanin adashi. Sai da uwar adashinmu ta rubuto takarda da sunayen masu zubi da abin da kowa ke zubawa. Wani kuɗin kuma da yayana ya ba wani mai canji a Wapa, aka sa wani mutum a nan ya zuba min a asusu, ta ce ba za ta taɓa shi ba, don ba ta san mai zubawar ba. Haka na cire shi daga lissafi, aka ƙara min wata biyu. Doka ce ta ɗora musu binciken asalin kuɗi, kuma kuɗin da ya fito daga Najeriya ido biyu ake sa masa. Saboda haka idan Alhaji zai sayar da fili, ko don kuɗin makarantarka ne, a rubuta yarjejeniya, kuɗin ya bi ta banki, a adana kowace takarda.

Wani abin da zai ba Alhaji mamaki: a Ingila "na sallama" ba ta ƙulla ciniki. Har ranar da lauyoyi suka yi musayar takardun yarjejeniya, mai gida na iya juyawa ya sayar wa wanda ya ƙara, kuɗin da ka kashe wa lauya da mai duba gini ya bi ruwa. Ciniki ya ɗauki wata uku zuwa huɗu kafin a kammala ba abin mamaki ba ne. Karatunka duka wata goma sha biyu ne.

Maganar bashin banki ba sai na ja ta ba. Ɗalibin da bai da albashi, bai da tarihin biyan bashi a nan, da wuya a saurare shi. Akwai masu tsarin musharaka irin su Gatehouse Bank ga wanda ke gudun kuɗin ruwa, ku mallaki gidan tare kana biyan haya kana sayen kasonsu a hankali, amma su ma abin da ke shigo maka suke dubawa.

Shawarata, filayen nan a bar su inda suke. Idan ma dole sai an sayar da ɗaya, a mayar da kuɗin fam a biya makaranta gaba ɗaya. Na ga abin da ya sami yaranmu bayan faɗuwar naira a 2023 da 2024, waɗanda suka zo da niyyar biya kashi-kashi, kuɗin da aka tanada a gida ya narke kafin zango na biyu. Ka kama ɗaki a gidan da ɗalibai ke zama, don gidan da duk mazaunansa cikakkun ɗalibai ne ba a biyan harajin ƙaramar hukuma a kansa. Ka ga hunturu ɗaya da idonka, ka san unguwa, ka ga ko aiki zai samu. Idan Allah Ya sa ka zauna, ni zan raka ka duba gida, kuma ni zan fara leƙa bayan kabad in ga ko bango na tsattsafo.

Zan kira Alhaji ranar Juma'a bayan an sauko, amma ka fara karanta masa lissafin harajin nan. Ka gaida min Yaya, ka ce kuka da kuɓewa busasshiya sun ƙare. Kilishi kuwa kada ta sa maka a jaka, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za su ƙwace.