Ba sai kin iya tatsuniya ba, ke dai ki fara

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki tun ɗazu, kin ce ɗanki mai shekara uku da rabi ba ya barci sai an miƙa masa waya, an ba ki shawara ki riƙa ba shi labari, ke kuma ba ki iya ba, kuma ko kin iya anya zai tsaya ya saurara. Bari in ɗan ja zancen don ni ma na sha wannan fama, yarana uku duk ta nan muka bi.

Wannan "ban iya ba" ɗin dan Allah ki ajiye shi gefe. Ni ranar da na fara tatsuniya ɗaya tak na riƙe, ita ma rabi, ta Gizo da kura, na manta yadda ta ƙare sai kawai na ƙirƙiro nawa ƙarshen. Babbar 'yata lokacin tana da shekara huɗu, ta ƙura min ido tana kallon bakina, ina cewa ƙurunƙus ta ce Umma sake. Na sake. Wallahi kusan sati uku ba ta yarda na canza ba, kullum ita, har ta fita raina. Wani dare don gajiya na ce Gizo ya hau bishiya, sai yarinya ta tashi zaune wai a'a, rami ya shiga, ai jiya rami kika ce. Nan na gane ashe ba sabon labari take nema ba, daɗinta shi ne ta riga ni sanin abin da zai faru ta faɗa kafin in faɗa. Kinga kenan ko guda biyu kika iya sun kai ki wata guda.

Amma a shekarun naki yaron kar ki fara da mai tsawo ko mai wayo da yawa. Masu binciken tunanin yara sun daɗe da gano cewa sai wajen shekara huɗu yaro ke fara fahimtar cewa wani zai iya yarda da abin da ba gaskiya ba, wato a yaudare shi bai sani ba. Na ga wannan a autana ƙiri-ƙiri, yana da uku dabarar Gizo ba ta ba shi dariya sam, shi dai in shaƙe murya in yi kukan kura ya ɓuya a bayana yana ƙyalƙyala. Da ya haura huɗu ne wata rana ya toshe baki da hannu yana raɗa min "Umma kura ba ta sani ba!" kamar kar ta ji mu. Don haka yanzu ki ba shi labarin kansa, wani yaro mai jan takalmi da ya tashi da safe ya nemi ƙafa ɗaya ya rasa, ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan ƙofa. Minti uku ya isa. Za ki ga yana murmushi don ya san shi ake nufi.

Maganar waya kuwa ba zan yi miki ƙarya ba, zai yi kuka, nawa dare huɗu ya yi yana birgima kafin ya haƙura. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce yaro mai shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, kuma a wannan shawarar dai ta ce in za a zauna gara a karanta masa ko a ba shi labari. Sai dai ke ma ki ajiye taki, in ya ga haskenta a fuskarki an gama.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ɗana na tsakiya, miskili ne, ka tambaye shi ya makaranta ya ce lafiya, me ya faru ba komai, shikenan an rufe. To ni ina da wata al'ada in ina ba su labari sai in tsaya a tsakiya in ce to me ya faru kuma, su ƙarasa. Wani dare na ce wani ɗan zomo ya tafi makaranta, sai me? Yaron nan ya ce sai wani babban zomo ya ƙwace masa fensir ya ture shi, kuma kullum sai ya ƙwace. Gabana ya faɗi amma ban nuna ba, na ce to ɗan zomon bai gaya wa mamarsa ba? Ya ce ai an ce in ya faɗa za a dake shi. Ni da nake ta masa faɗa wata biyu kan zubar da fensir! Washegari na je na samu malamarsu. Da tambaya kai tsaye na tsaya da har yau ban ji ba.

Kuskure biyu da na yi kar ki maimaita. Na taɓa kawo labarin dodo da dare wai don su daina fita tsakar gida, sai da na yi sati ina raka babbar banɗaki. Sannan akwai lokacin da kowane labari sai na liƙa masa wa'azi a wutsiya, yaro mara jin magana kaza ya same shi, har suka gano ni, ina farawa za su ce Umma ba irin wannan ba.

Gajiya kam akwai, wani lokacin barci ke kwashe ni a tsakiyar zance, sun ce wai na taɓa cewa sai kura ta ce a kashe gas, har yau suna tsokanata da shi. Yanzu babbar tana da goma sha ɗaya, ita ke ba autan labari in ina aiki, rannan na tsaya bakin ƙofa na ji ta tana ba shi ta Gizo da kura, da ramin da komai, ta rufe da ƙarshen nan da na ƙirƙira, ita a zatonta haka tatsuniyar take tun asali, ni kuma ban gaya mata ba.