Tambaya da Amsa: 'Yata ta ɗauki mai aikinmu a waya tana dariya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Yarana biyu, namiji ɗan shekara 17 da mace 'yar 15, wallahi ba ni da burin da ya wuce in ga sun taso da tausayin mutane, ko bokon bai kai min wannan ba. To satin da ya wuce yarinyar da ke mana aiki santsi ya kwashe ta a tsakar gida da bokitin ruwa a hannu, gwiwarta ta ƙurje har da jini, kawai sai na tarar 'yata ta ɗauke ta a waya ta tura wa ƙawayenta a WhatsApp suna ta dariya. Shi kuma yayan in almajiri ya yi bara a ƙofa tsawa yake daka masa. Islamiyya suna zuwa fa, har hadda suna yi. Na ƙwace wayar, babansu ya ce in ƙyale ta yarinta ce. Ya zan yi?
Maman yara biyu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wasiƙarki ta taɓa ni, kuma yadda abin ya dame ki ma alheri ne, gidaje nawa ne uwar ce za ta fara dariyar.

Babansu yana da gaskiya ta wani ɓangare, masana sun ce ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya tsaya ya yi tunani kafin ya aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa 'yar 15 dariyar ƙawaye kan rufe mata ido. Amma yarintar ai ita ce dalilin da za a gyara yanzu, ba dalilin ƙyalewa ba.

Zan miki wata tambaya, kar ki ji haushina dan Allah. Yarinyar nan a wane kwano take cin abinci? Tare da su take ci ko sai kowa ya ƙoshi a kankare mata ƙanzo? Da sunanta kike kiranta ko "ke"? Ranar da ta faɗi wa ya wanke mata ciwon? Shi kuma almajirin, abincin da ake zuba masa a roba kin yarda ɗanki ya ci? Ni kaina na taɓa shan wannan, wata rana 'yata tana ƙarama ta tambaye ni me ya sa kofin mai aikinmu daban yake, a bayan randa ake ajiye shi, wallahi na rasa amsa, ranar ban yi baccin kirki ba don na gane duk wa'azin da nake musu kofin nan yana rushe shi kullum. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yara ba sa jin abin da muke faɗa kamar yadda suke ganin abin da muke yi wa wanda ba zai iya ramawa ba.

A Bukhari akwai labarin Abu Zarri, ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa har yanzu akwai jahiliyya a tare da kai, masu yi muku hidima 'yan uwanku ne Allah ya sa su a ƙarƙashin hannunku, ku ciyar da su abin da kuke ci ku tufatar da su abin da kuke sawa. Daga baya an ga Abu Zarri a ƙauyen Rabaza shi da bawansa kaya iri ɗaya a jikinsu. Anas bin Malik kuma shekara 10 yana yi wa Annabi hidima, ya ce ko "uf" bai taɓa ce masa ba. Wataƙila yaranki sun haddace waɗannan, saura su gan su a kicin ɗinki.

Ƙwace waya kaɗai tsoronki zai koya mata, gobe ta yi a ɓoye. Ki zaunar da ita ku biyu, ba a gaban yayanta ba, ki ce da ke ce kika faɗi a gidan mutane, uwarki tana can ƙauye, aka yaɗa ki, ya za ki ji? Ki yi shiru ki bar ta ta amsa ko da za a daɗe. Sai ta goge bidiyon, ta faɗa wa ƙawayen su goge, ta je da bakinta ta ba yarinyar haƙuri, kuma ita za ta riƙa sa mata magani a gwiwar har ta warke.

Namijin kuma ki ɗora masa abincin almajiri, shi zai zuba da zafinsa ya miƙa da hannunsa, ya tambaye shi sunansa da garinsu da wane malam yake. Da wuya ka daka wa yaro tsawa bayan ka san daga ina ya zo kuma shekara nawa rabonsa da uwarsa. Ki sa babansu a ciki, namiji ɗan 17 ubansa yake kallo, in za shi dubiya asibiti ko gaisuwar rasuwa ya tafi da shi.

Ki rubuto min bayan wata ɗaya in ji yadda ake ciki, kuma ki gaishe min da yarinyar, Allah ya ba ta lafiya.